Tsabar zinariyar Faransawan da ta yi fari: jabu ce?

Tambaya: Malam, na sayi tiremisis, wata ƙaramar tsohuwar tsabar zinariya, a gwanjo, mai rubutun MADELINVS a fuska ɗaya, DORESTAT a ɗaya fuskar. Nauyinta giram 1.27 ne, amma launinta ya kusa zama na azurfa. Maƙerin zinariya ya ce ba ta kai karat 12 ba, don haka jabu ce, wai in bari ya goge gefenta da magagari ya ɗiga asid. An cuce ni ke nan?

Amsa: Malam, kada ka sake miƙa masa ita. Nauyin ya yi daidai, domin tun ƙarshen ƙarni na 6 tiremisis ɗin Faransawan da, wato mutanen Frank, ta sauko daga giram 1.5 na Rumawa zuwa kimanin 1.3.

Farin da ya tsorata ka shi ya fi kwantar mini da hankali. Madelinus, mai buga kuɗin da sunansa ke kan tsabar, ya yi aiki a garin Dorestad, cikin ƙasar Holan ta yau, wajen 630 zuwa 650, daidai lokacin da ake ta ƙara azurfa cikin zinariyar. Tsabar da ta haura kashi 90 cikin ɗari kafin shekara ta 600 ta faɗo ƙasa da rabi, wasu ma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, har aka koma dinarin azurfa wajen 670. Da a ce taka ta zo jawur kamar sarƙar amarya, a nan ne zan ce a bincika.

Wannan maganar ta "zinariya mai kyau ita ce ta gaske" ta ishe ni. Maƙeri ƙarfe yake saye, nauyi da karat kaɗai ya sani. Dutsen gwaji na cinye gefe, magagari na barin tabon da ba ya gyaruwa, asid kuma na cin azurfar da ke sama ya canza launin. Bayan duk wannan ɓarna, me aka gano? Yawan zinariya kawai. Mai yin jabu a yau ba ya jin ƙyashin zuba giram ɗaya na zinariya tsantsa, tunda kuɗin tsohuwar tsabar ya ninka na ƙarfenta nesa ba kusa ba. Sai jabun ya ci jarrabawar maƙeri, ta gaskiyar ta faɗi. Masu kara maganaɗisu kuwa ɓata lokaci suke, domin ba ya jan zinariya, azurfa ko jan ƙarfe.

Ka duba ta da madubi mai ƙara girma sau goma. Bugawa aka yi da hatimi, don haka layi a kewayen gefe, ƙananan ramukan kumfa da haruffa masu laushin baki alamun zubi ne. Jabun zamaninta jan ƙarfe ne ko azurfa da aka lulluɓe da zinariya, za ka ga kore ko baƙi na leƙowa inda fatar ta tsage. Rubutu a karkace ba hujja ba ne, an kwaikwayi tsabar Madelinus sosai a yankin Firisiya, gaɓar tekun Holan da kewaye, tun lokacin.

Sai awo cikin ruwa, da sikeli mai karanta giram 0.001. Raba nauyinta da nauyin da ta rasa cikin ruwan: rabi zinariya rabi azurfa zai ba da kusan 13.6, mai cikin jan ƙarfe wajen 9. Na'urar XRF, mai gano ƙarafan da ke cikin abu da hasken X-ray, sama kawai take karantawa, kada ka dogara da ita kaɗai. Ka kuma nemi mai gwanjon ya ba ka a rubuce hannun da tsabar ta fito.