Fad ɗin birkin baya: wanne zan saro?

Tambaya: Ina sayar da kayan gyaran babur. Masu sayen fad ɗin birkin baya na dawowa da ƙorafin ya cinye da wuri. Shin in bar mai araha in koma saro mai tsada?

Amsa: Alhaji, kafin ka taɓa jarinka, ka ce a kawo maka tsohon fad ɗin ka duba. In gefe ɗaya ya cinye, ɗayan da sauran kauri, laifin ba na kayanka ba ne. Kalifa ce ta maƙale, wato matsen da ke danna fad a jikin faifai, ƙarfen birki da ke juyawa tare da taya. Tana zamewa ne a kan fil biyu. Ƙura da ruwan damina na shiga, giris ya bushe, sai fad ya riƙa gugar faifai ko ba a taka birki ba. Ko mafi tsada aka sa, haka zai ƙare.

Don haka duk wanda ya sayi fad, tura shi wurin bakanike ya zare fil ɗin, ya goge, ya shafa giris na silikon. Baƙin giris da fetur suna kumbura robobin kalifa, fistin da ke tura fad ya daina komawa. A wanke fistin kafin a tura shi ciki. Man birki kuma a canja shi duk shekara 2, domin yana shan danshi. A bi abin da aka rubuta a murfin tankinsa, galibi DOT 4; DOT 5 ba ya haɗuwa da shi.

Game da saye: fad mai laushi na resin ya fi dacewa da baya, ba ya cin faifai, ba ya saurin kulle taya. Na garin ƙarfe da aka gasa yana daɗewa, yana jure taɓo, amma yana cin faifai. Ajiye kaɗan don masu manyan babura. Kaurin fad in ya kusa milimita 1.5, a cire.

Kada kuma ka manta, Bajaj Boxer da yawancin baburan 'yan acaɓa birkin dram ne da su a baya, ba faifai ba, shu suke amfani da shi a maimakon fad. Can kuɗi ke juyawa, can za ka zuba mafi yawan jari. Ragowar ka saro fad tare da robobin kalifa, giris na silikon da ƙananan kwalaben DOT 4, ka riƙa sayar da su a haɗe.