Wai Chaina ce ta kashe Detroit?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanina na ga bidiyon da ka turo na garin Detroit, gidaje ba rufi, ciyawa ta cinye layi, ga wani ƙaton kamfani duk tagoginsa sun farfashe, kuma na ga tambayarka, wai da gaske nan Amurka ne, sannan wai gaskiya ne Chaina ce ta kashe musu masana'antu. Eh Amurka ne, a jihar Michigan yake, garin da ya yi suna da ƙera motoci. Amma maganar Chaina ɗin nan ka ɗan ba ni mintuna, don ni a ganina ko da Chaina ta iso ta tarar da mara lafiyan ya daɗe a kwance.

Bari mu faro daga yaƙi. A 1933 cikin duk mutum huɗu masu neman abin yi a Amurka ɗaya zaune yake ba aiki, mutane layi suke bi a ba su miya da burodi. Abin da ya kawo ƙarshen wannan zaman shi ne yaƙin duniya na biyu. Japan ta kai hari sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, to ko wata uku ba a yi ba, a Fabrairun 1942, aka dakatar da ƙera motar farar hula gaba ɗaya bisa umarnin gwamnatin shugaba Roosevelt. Manyan kamfanonin mota, Ford, General Motors, Chrysler, duk suka juya injinansu zuwa kayan yaƙi. Chrysler na yin tankoki a Warren, nan bakin Detroit, Ford kuma ya gina wata masana'anta a Willow Run yana ƙera jirgin jefa bam da ake kira B-24, kuma a 1944 sai da ta kai kusan duk awa ɗaya jirgi ɗaya na fitowa. Jirgin sama fa nake cewa ba keke ba. Jimilla sun yi sama da 8,000 a wannan waje kaɗai. A shekarar 1944 ɗin rashin aikin yi ya sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100, har ma'aikata ake nema ido rufe, mata da a da ba a ɗaukarsu suka shiga suna walda suna ɗaure noti.

Nan ne kuma baƙar fata suka yi ta tururuwa daga kudu, daga Alabama da Georgia da Mississippi, suna gudun wariya da noman auduga na bashi. Amma kar ka ɗauka an buɗe musu ƙofa ne don Allah. Sai da wani shugaban 'yan ƙwadago, A. Philip Randolph, ya yi barazanar zai kwaso dubban baƙaƙe su yi tattaki zuwa Washington, sannan Roosevelt ya sa hannu a 1941 kan umarnin hana wariya a kamfanonin da ke aikin tsaro. An ba su aiki, amma gida fa? An cusa su unguwa ɗaya, ana ce mata Black Bottom, ɗaki ɗaya iyali guda. A Yunin 1943, ana tsakiyar yaƙi, rikici ya ɓarke a garin aka kashe mutum 34, 25 daga ciki baƙaƙe ne. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Da aka gama yaƙi a 1945 Jamus toka ce, Japan toka ce, Ingila bashi ya yi mata katutu, Amurka kuwa ba bam ɗin da ya taɓa masana'antunta, kusan rabin kayan da duniya ke ƙerawa daga can yake fitowa. Kasuwa ce ba kishiya. A cikin wannan yanayi ne shugaban ƙungiyar ma'aikatan mota, Walter Reuther, ya zauna da General Motors a 1950 suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar, ma'aikata ba za su yi yajin aiki ba, kamfani kuma zai ba da fansho da taimakon kuɗin asibiti da ƙarin albashi duk lokacin da kaya suka yi tsada. Wallahi wannan shi ne sashen da ya fi taɓa ni a duk labarin, mutum ya gama sakandare kawai, ko bai ma gama ba, ya shiga kamfani, da albashinsa shi kaɗai ya sayi gida ya sayi mota ya tura 'ya'yansa jami'a, ya tsufa ana biyansa fansho. A 1950 mutanen Detroit sun kai kusan miliyan 1 da dubu 850, shi ne gari na biyar a girma a duk ƙasar.

To a nan ne nake so ka lura da kyau. Zubewar ta fara ne tun a waɗannan shekarun na 1950, lokacin da ko keken kirki Chaina ba ta sayar wa Amurka. Kamfanonin da kansu suka fara ficewa daga cikin gari, suna gina sababbin masana'antu a bayan gari da wasu jihohi inda fili ke da araha, haraji ke da sauƙi, ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi, ga kuma sababbin injina da ke yin aikin mutum da yawa. Packard, wanda nake kyautata zaton kangonsa ne ka gani a bidiyon, tun 1956 ya daina ƙera mota a Detroit. A wannan shekarar ce kuma shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan tituna, aka rushe unguwannin baƙaƙe, wani sashen aka shimfiɗa titi a kai, titin nan kuma shi ya sauƙaƙa wa turawa su koma bayan gari su riƙa shigowa aiki da mota. Gwamnati na tsaya musu a banki su samu bashin gida, baƙar fata kuwa an zana wa unguwanninsu jan layi a taswira, banki ba ya ba da rance a nan, a sabuwar unguwa kuma ba a sayar masa. Har katanga aka gina a 1941 kusa da titin Eight Mile don raba unguwar baƙi da ta farare, tana nan har yanzu. Masu kuɗi sun fita da harajinsu, aiki ya fita, talaka ya rage da makarantu da 'yan sanda da bututun ruwa na gari mai mutum kusan miliyan biyu. A Yulin 1967 wuta ta sake tashi, kwana biyar, mutum 43 suka mutu, masu fita suka ƙara sauri.

Sai 1970 da wani abu duniya ta fara rama wa kura aniyarta. Jamus da Japan sun miƙe. Shugaba Nixon ya raba dala da zinariya a Agustan 1971. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12, mutane na layi a gidan mai da manyan motocinsu masu shan mai kamar rijiya. Sai ga Toyota da Honda da Datsun, ƙanana, ba sa shan mai, ba sa yawan zuwa gareji. Kuma gaskiya a faɗe ta, manyan Detroit sun raina ƙananan motocin nan, sun yi sakaci da inganci, wannan laifin shugabannin kamfani ne ba na lebura ba. Chrysler sai da gwamnati ta tsaya masa a 1980 kan bashin dala biliyan 1 da rabi. Babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa har wajen kashi 20 don ya karya tsadar kaya, wa zai ci bashin mota a haka? A 1981 kuma Reagan ya kori ma'aikatan kula da tashi da saukar jirage sama da 11,000 da suka shiga yajin aiki, daga ranar duk mai kamfani ya gane gwamnati ba ta bayan ƙwadago. Haushin motocin Japan da rashin aiki ya kai a 1982 wasu mutum biyu, ɗaya ma'aikacin kamfanin mota ɗaya kuma an sallame shi, suka doke wani matashi ɗan asalin Chaina, Vincent Chin, har ya mutu, kuma ba wanda ya yi zaman gidan yari a kai. Wannan abin har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu ne za mu zo kan tambayarka. Yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meksiko ta fara aiki 1 ga Janairu 1994 zamanin Clinton, masu yin kayan gyara da yawa suka tsallaka Meksiko inda lebura ke da araha. Chaina ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a Disamban 2001. Kuma eh, dukan ya yi zafi, a 2000 masu aiki a masana'antun Amurka sun kai wajen miliyan 17, a 2010 sun koma wajen miliyan 11 da rabi. Amma ka sani kayan Chaina sun fi dukan masu yin kujeru da tufafi da kayan wasa da na lantarki, irin garuruwan Carolina, fiye da masu mota. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda ta koma bayan yadi mai araha ya cika kasuwa, ya san irin wannan ciwo, ya kuma san cewa kafin yadin ya zo akwai matsalar wuta da sakaci a gida.

A 2009 General Motors da Chrysler suka karye, gwamnati ta zuba musu kuɗin jama'a ta tashe su. Shi kuwa garin, a Yulin 2013 ya je kotu ya ce ba zai iya biyan bashin da ke kansa ba, wajen dala biliyan 18, aka zaftare wa tsofaffin ma'aikatan gari wani abu daga fanshonsu. Ƙidayar 2020 ta samu mutum dubu 639 kacal, kashi ɗaya cikin uku na mutanen 1950 ke nan, shi ya sa ka ga gidaje ba kowa. Ba duk garin ne haka ba fa, tsakiyar gari an gyara, masu bidiyo inda ya fi lalacewa suke zuwa. Kuma idan kana mamakin yadda Trump ya ci Michigan a 2016, jihar da tun 1988 ɗan Republican bai ci ba, da ratar ƙuri'a dubu 10 da 'yan kai, to ka tuna NAFTA ya yi ta zagi a gaban jikokin mutanen Willow Run. Na tsawaita, ku yi haƙuri, Allah ya ba mu alheri, sai da safe.