Ku Tambayi Baba Rabaran: Fasto da Ƙuri'ar 'Yan Ikilisiya

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Ni 'yar zumuntar mata ce a wata majami'a da ke kudancin garin Kaduna. Gab da zaɓen 2023 fastonmu ya tsaya a kan bagadi ya ambaci sunan ɗan takara, ya ce duk wanda ya jefa wa wani ƙuri'a ya ci amanar bangaskiya. Maigidana ɗan wata jam'iyya ne, tun ranar bai sake taka ƙofar cocin ba, kuma har yau akwai matan da ba sa amsa gaisuwata. Amma Baba, an kashe mana mutane a ƙauye, ba na son faston da zai kama bakinsa. Me ya kamata fasto ya yi? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: 'Yata, sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ku. Ina tare da ke a kan cewa shiru ba aikin fasto ba ne. Annabi Natan ya tunkari Sarki Dawuda da laifinsa ido da ido. Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa Hirudus gaskiya, ya kuma biya da ransa. Idan an kashe mutane ba a kama kowa ba, idan asibitin gari babu magani, idan an danne haƙƙin gwauruwa, faston da ya yi gum ya gaza wa garkensa.

Sai dai abin da fastonku ya yi daban ne. Natan ya tsawata wa sarkin da ke kan gado ne a kan abin da ya aikata. Fastonku kuwa ya ɗauki ikon da aka ba shi don kiwon rayuka, ya jingina shi da mutum guda wanda bai riga ya yi komai ba sai alkawari. Ranar da mutumin ya hau mulki ya karkace, da wane baki faston zai tsawata masa? Na yi shekaru ina kiwon ikilisiya, na san yadda abin yake shigowa. Ba ya zuwa da sunan cin hanci. Ranar bikin godiya ne ɗan takara zai zo ya zauna a gaba, ya yi alkawarin kwanon rufi ko motar zumuntar mata, a yi guɗa. Bayan haka duk lokacin da fasto ya buɗe baki zai yi maganar gwamnati, sai ya tuna rufin da ke bisa kansa.

Cocin Katolika ta daɗe da gane wannan haɗarin, shi ya sa dokarta ta hana fada riƙe muƙamin mulki ko shiga harkar jam'iyya. Da Fada Hyacinth Alia ya fito takarar gwamnan Binuwai a 2022, bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga hidima a bainar jama'a. Ya ci zaɓe a 2023, amma a matsayin ɗan siyasa ya ci, ba daga kan bagadi ba. Mu da ba Katolika ba muna da namu darasin: Rabaran Jolly Nyame ya mulki Taraba, a 2018 kotu ta ɗaure shi kan almundahanar kuɗin jiha, kafin a yi masa afuwa a 2022. Rigar limanci ba ta hana mutum zamewa. Ki kuma sani, Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta amfani da wurin ibada, coci ko masallaci, don tallata ɗan takara ko sukarsa.

Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarki shi ne matan da suka daina amsa gaisuwa. Ke 'yar Kaduna ce, kin san abin da rabuwa take haifarwa. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka: Kirista suka tattara zuwa Sabon Tasha da Television da Narayi, Musulmi suka koma Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Yaran da aka haifa bayan nan da yawa sun girma ba su taɓa cin tuwon sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. A gari irin wannan, fasto ya ƙara tsaga 'yan ikilisiyarsa gida biyu?

A garin nan naku akwai misalin abin da limami zai iya. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992 da ya biyo bayan rikicin Zangon Kataf. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a faɗan nan guda. Kowannensu yana da dalilin neman ramuwa. A 1995 suka haɗu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, suka taimaka aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Watanni uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta, amma ba su ajiye aikin ba. Sun je Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004 suka zaunar da ɓangarorin. Wannan ma siyasa ce, 'yata, kuma ta fi kiran sunan ɗan takara wuya nesa ba kusa ba, domin mutanenka ne za su fara kiranka maci amana.

Kada ki tunkari fasto a tsakiyar taro. Ki nemi dattawan ikilisiya biyu da kike girmamawa, ki gaya musu abin da kika gaya mini, su tafi tare da ke. Ki roƙe shi ya ziyarci maigidanki a gida, domin shi ya kamata ya fara takawa. Matan nan kuma ki ci gaba da gaishe su, ko sun amsa ko ba su amsa ba.

TAMBAYA: Rabaran, ni Musulmi ne daga Sakkwato. Me ya sa Bishop Kukah na cocin Katolika a Sakkwato ba ya tsayawa kan wa'azinsa, kullum sai ya taɓo gwamnati? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, na gode da ka rubuto. Na san saƙonsa na Kirsimetin 2020, inda ya zargi gwamnatin Buhari da fifita wani ɓangare wajen naɗe-naɗe, ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma kana da 'yancin ƙin yarda da shi. Ni ma da ni ne, akwai kalaman da zan sassauta. Amma ka auna shi da sauran aikinsa. Ya yi aiki a kwamitin Oputa da aka kafa bayan mulkin soja don binciken take haƙƙin ɗan'adam. Shi da Janar Abdulsalami Abubakar ne ginshiƙan kwamitin zaman lafiya na ƙasa da ya tsaya tsakanin Jonathan da Buhari a zaɓen 2015, kuma kwamitin ya ci gaba da sa 'yan takara rattaba hannu kan alkawarin zaman lafiya a zaɓukan da suka biyo baya. Da hankali ya tashi a Sakkwato a watan Mayun 2022, kira ya yi ga mabiyansa su kwantar da hankali a bar doka ta yi aikinta.

Ma'aunin da nake amfani da shi ga bishop da fasto da limamin Juma'a duka ɗaya ne: in na gidansu ne ya hau mulki ya yi ba daidai ba, za su faɗa? Kukah ya ci gaba da sukar gwamnati bayan Buhari ya sauka. Ka riƙa sauraronsa da wannan ma'aunin, ka kuma auna malaman da kake bi da shi, kamar yadda nake roƙon Kirista su auna fastocinsu.