Ɗaukar waƙa a ɗaki da laftof: me za a fara saya?

Ɗan'uwa, ka ce kana da laftof da kuɗi kaɗan, kana so ka fara ɗaukar waƙa a ɗakinka.

Laftof ɗin ya isa matuƙar yana da RAM 8GB. Kada ka kashe ko sisi kan manhajar ɗaukar sauti yanzu: Audacity kyauta ce, Reaper kuma ana gwada ta kwana 60 kafin a biya dala 60.

Kuɗinka ka zuba a na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta ta USB, irin Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett Solo. A wajen makirufo ne nake roƙonka ka natsu. Mutane na son AT2020 saboda kyan sauti, amma sai da wutar 48V daga waccan na'urar take aiki, kuma komai take kwasa: janareton maƙwabci, fanka, kukan akuya. In unguwarku akwai hayaniya, Shure SM58 ta fi maka, don sai ka matso kusa take jin ka sosai. Ka kula da jabu, sun cika kasuwa.

Bangon siminti yana maido da murya. Jingina katifa a bayanka, rataya barguna, shimfiɗa darduma. Manna kwalin ƙwai a bango ba ya tsinana komai.

In ka ji ɗan ruri a ƙarƙashin muryarka, cire cajar laftof ka yi aiki da batir. Ka sa hedfon mai rufe kunne don kada kiɗa ya koma makirufo, ƙarar muryar da kake ɗauka kuma ka tsayar da ita wajen -12 dB a ma'aunin sauti na manhajar, kada ta kai inda ma'aunin yake yin ja.