Lexus RX 450h ta mutu a hanya: famfon mai ne ko batirin haibirid?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da Lexus RX 450h haibirid, mai aiki da inji da batir, ƙirar 2012, 'yar Beljiyam. An ɗan jima tana sarƙe mini idan na taka totur, musamman a hawa ko in zan wuce tirela. Makon jiya a hanyar Zariya sai ta rubuta Check Hybrid System, ta ɗan ƙara tafiya shiru babu ƙarar inji, sannan ta tsaya cak. Na yi ta danna maɓalli ina kashewa ina kunnawa, yanzu ko READY, alamar da ke nuna ta tashi, ba ta kawowa. Bakanikena ya ce famfon mai ne, mai waya, wato mai gyaran wutar mota, kuma ya ce babban batir ya mutu, sai an sayi wani. Maganar wa zan kama?

Mai karatu daga Kaduna

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka fitar da kuɗin batir tukuna, kuma don Allah kada kowa ya ƙara danna maɓallin nan. Daga yadda ka ba da labari, na fi zargin cewa mai ne ya fara yankewa, batirin kuma ya bi baya saboda wahalar da aka ba shi. Wato kowanne a cikin mutanenka biyu ya ga wani abu na gaskiya, amma na farkon ne ya kama bakin zaren.

Dalili kuwa, motar nan ba ta da sitata irin wadda muka saba da ita. Janareton da ke cikin giyarta, wanda Toyota ke kira MG1, shi ke murza injin ya tashi, kuma wutar da yake amfani da ita daga babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya take fitowa, mai ƙarfin bolt 288. Shi kuma batirin ba a jona shi a soket, injin ne ke yi masa caji. Kowanne ya dogara da ɗan'uwansa ke nan. Ranar da mai ya daina isa inji, motar ba za ta mutu nan take ba, za ta ci gaba da lallaɓawa a kan batir kaɗai. Tafiyar shirun nan da ka ji ke nan, kuma a cikinta aka zuƙe rabin abin da ya rage. Sauran kuma kai ka ƙarasa shi a bakin titi, domin duk dannawa ɗaya sai MG1 ya murza injin V6 mai lita 3.5 wanda babu mai a cikinsa, wuta na fita babu mai shigowa. Idan cajin ya sauka ƙasa da wani mizani, kwamfutar motar sai ta hana READY gaba ɗaya don ta kare batirin. Mai waya ya zo ya auna ya tarar da shi a ƙasa, ya ce ya mutu. Batirin da ya sauka daban, wanda ya mutu daban.

Sarƙewar da ta riga wannan ita ce shaidar da na fi riƙewa. Famfon da ya gaji yana iya wadatar da inji a tafiyar cikin gari, amma da an nemi mai da yawa a hawa sai matsinsa ya faɗi.

To yaya za a tabbatar? A fara da ƙaramin batir mai bolt 12, domin shi ke tayar da kwamfutocin motar, kuma in ya yi sanyi shi kaɗai ya isa ya hana READY ya kuma cika allo da gargaɗin ƙarya. Daga nan a ɗora ta a kwamfuta, amma ba ƙaramar na'urar nan da ake yawo da ita a aljihu mai karanta inji kaɗai ba. A nemi mai Techstream, manhajar Toyota da Lexus, ko wata da ke shiga ɓangaren haibirid. Ka tsaya a kansa ya rubuta maka lambobin kafin ya goge komai. Idan ka ga P3190, P3191, P3193 ko P0A0F, motar na cewa inji ne ya kasa ba da ƙarfi, ko ya ƙi tashi, ko mai ya ƙare. Idan P0171 da P0174 suka biyo, iska ta fi mai yawa a ɓangarorin injin biyu, wanda ya dace da famfo mai rauni. Lambobin da ke tuhumar batir kai tsaye su ne P0A80 da P0A7F da jerin da ya fara daga P3011.

Kada a yanke wa famfo hukunci da kunne. Wasu sukan kunna mota su kara kunne a tanki, in ba su ji zuuu ba su ce ya ƙone, alhali a waɗannan motoci famfon ba ya juyawa sai inji zai tashi. Da Techstream ana iya kunna shi shi kaɗai ba tare da an murza inji ba, a ɗaura gejin awon matsi a layin mai. Abin da ake nema wajen psi 44 zuwa 50 ne. Kafin a kwance komai kuma a duba fiyus da rile da wayar da ke kai masa wuta, don ana yawan canza lafiyayyen famfo saboda soket ɗaya da ya ci wuta.

In ya tabbata shi ne, a sayi na asali, na kamfanin Denso, a canza tare da matatarsa, a wanke tankin. Kana iya jin labarin kiranyen da Toyota ta yi a 2020 na motoci sama da miliyan 3 a Amurka saboda famfon Denso wanda farfelarsa ta roba ke kumbura ta maƙale, har da RX 350 ta 2018 da 2019. Taka ta girme wa wannan matsala. Abin da ke kashe famfo a wajenmu ya fi kusa da gida: man bumburutu mai laka da ruwa, da gurɓataccen mai irin wanda aka shigo da shi mai yawan metanol a Fabrairun 2022, sai kuma yawo da tanki a ja. Famfon a nutse yake cikin mai, man ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafi a 2023 da yawanmu ɗigo-ɗigo muke sha, kuma mai haibirid ya fi kowa sakaci da wannan tunda yana ganin motarsa ba ta shan mai. Kada ka bari ya sauka ƙasa da kwata.

Saura yadda za a tashe ta. Turi ba ya tayar da ita, kuma jona waya daga wata mota ƙaramin batir kawai yake taimaka wa. Babban sai an yi masa caji a hankali da caja ta musamman mai babban bolt, wadda masu gyaran haibirid ke da ita. Wajen kai ta kuma a ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗaukar mota, kada a ja ta da igiya tayoyi na juyawa a ƙasa.

Ba na ce batirinka garau yake ba. Ya haura shekara goma, garantin shekara 8 ko mil 100,000 da aka ba shi a Amurka ya daɗe da wucewa, kuma saukar da ya yi ba ta ƙara masa lafiya ba. Amma sai motar ta tashi za a iya yi masa shari'ar gaskiya. A cikinsa akwai ƙananan batura 30, kowanne bolt 9.6, kwamfuta na auna su bibbiyu. A hau titi da na'ura a jone, a taka totur a kuma taka birki ana kallon lambobin. Lafiyayyen batir tare suke hawa tare suke sauka. Idan ɗaya yana zubewa ya bar 'yan'uwansa duk sanda aka taka, shi ne mai laifi. Kai ma kana iya lura daga kujerar direba: layukan caji su cika su zube cikin 'yan mintuna, inji ya ƙi hutawa a go-sulo, fankar baya ta yi ta huci, shan mai ya ƙaru.

Ko an ga haka, a fara buɗe shi a duba. Sau da yawa faranten tagulla da ke haɗa baturan ne suka yi tsatsa kore, ko fankokin sanyaya shi sun toshe da ƙurar hunturu da gashi da ledar alawar yara. Iskar da ke sanyaya shi daga cikin mota ake janta ta ƙofofin da ke ƙasan kujerar baya, waɗanda mutanenmu ke rufewa da darduma ko rigar kujera ba su sani ba. Ka haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu, batir na dahuwa ne a hankali. Masu wankin mota ma a hana su watsa ruwa a wurin.

Idan ya zama dole a gyara, canza guda ɗaya ko biyu shi ne mafi araha, amma ni ban cika son sa ba. Kamar haɗa ɗan maraƙi mai ƙarfi da tsohon sa a garma ɗaya ne, ba a jimawa wani tsohon zai durƙusa a sake kwance kujera. In za a yi, a auna ƙarfin dukkan talatin ɗin, a zaɓo masu kama da juna, a daidaita cajinsu. Cikakken batir na Beljiyam daga kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas shi ma tsoho ne, wataƙila sa'an naka, don haka kada ka biya sai an ɗaura an gwada a gabanka, an kuma rubuta maka garanti a takarda.

Wannan aiki ba na kowane mai waya ba ne. Duk waya mai launin ruwan lemo a motar nan tana iya kisa, domin inbata, na'urar da ke sarrafa wutar batirin, na ɗaga wutar har bolt 650. Wanda zai taɓa wurin sai ya sa safar roba ta masu lantarki, ya zare filogin tsaro mai ruwan lemo, ya jira minti goma. In ka ga ya tunkari batirin da sifana hannu tsirara, ka ɗauke motarka. Ka aiko mini da lambobin da kwamfuta ta fitar da awon matsin man, sai mu ga abin da ya rage.