Kada ka ci bashi a kan ƙarfen da babu wanda ya auna

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan mota ya aiko da tambaya. Ya ce ya lura masu motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux, Prado da Land Cruiser, suna yawan neman bambar baya ta ƙarfe mai haɗe da ƙugiyar jan ƙaramar tirela. Ɗan wansa mai walda ne, ya ɗauki awon wata bamba ta kamfani ya kwaikwaye ta, kuma a kowane 100 na kuɗin da suka karɓa, ƙarfe da aiki ba su wuce 35 ba. Sun ɗaura wa motoci 9. Biyu sun dawo: ɗaya walda ta tsage a gindin ƙugiya, ɗaya kuma fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa a dashbod. Yaron ya ce laifin direbobin ne. Yanzu yana so ya ci bashi ya sayi ƙarfe su ƙera 30 a lokaci guda, yana tambaya ko bashin wata shida ya fi ko na shekara.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba zan zaɓa maka tsakanin wata shida da shekara ba, domin bai kamata a ci wannan bashin ba ko na mako guda ne. Na karanta wasiƙarka na ga kuɗin ƙarfe, na ga riba, na ga yawan motoci. Lamba ɗaya ce ban gani ba, ita ce kuma kasuwar gaba ɗaya: kilo nawa ƙugiyar nan take iya ja, wa ya gwada, kuma a ina aka rubuta? Ka sayar wa mutum tara abin da zai riƙe tan biyu ko uku a kan titi, alhali shaidar da kake da ita kawai ita ce ɗan wanka ya ce "zai ɗauka". Ba ina cewa yaron bai iya walda ba. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to amma ido bai san gajiyar ƙarfe ba. Ƙugiya ba ta karyewa ranar da aka ɗaura ta. Kowane birki, kowane rami, kowane tashi daga tsaye yana lanƙwasa ta ɗan kaɗan yana saki, sau dubbai, har wata siririyar tsaga ta fara daga gefen walda inda zafi ya sauya ƙarfen. Wannan tsagar da ka gani a mota ɗaya tana iya kasancewa ta fara a sauran, fenti ne ya rufe ta.

Ƙugiyar kamfani tana zuwa da ɗan faranti a jikinta. An buga samfurin motar da aka yi ta dominta, iyakar nauyin da za ta ja, da iyakar nauyin da zai danna kan ƙwallon, wato dunƙulen ƙarfen da ake maƙala tirela a kai. A Turai ana gwada su bisa ƙa'idar R55, a Amurka J684, a Ostareliya ADR 62. Kuɗin da kake gani ya yi yawa a kan ta kamfani, rabonsa mai tsoka na wannan gwajin ne da alhakin da kamfanin ya ɗauka. Da ɗan wanka ya kwaikwayi siffar, bai kwaikwayi irin ƙarfen ba, bai kwaikwayi gwajin ba, alhakin kuma ya dawo wuyanka kai da ka karɓi kuɗi. Ribar 65 ɗin nan da take ruɗinka ba taka ba ce tukuna. Ajiya ce a hannunka har ranar da tirela za ta ɓalle.

Kuma ko da ƙugiyar kamfani ce, lambar jikinta ba ita ce ƙarshen magana ba, kuma nan ne yawancin masu sayarwa suke yaudarar kwastoma ba da niyya ba. Akwai iyakar da masana'anta ta sa wa motar, akwai ta bamba, akwai ta harshen da ake zurawa cikin bakin ƙugiya, akwai ta ƙwallon, akwai ta kan tirelar. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ce doka. Wasu samfuran Hilux da Land Cruiser an rubuta musu kilo 3,500, amma wannan idan tirelar tana da birkinta ne. In babu birki, mafi yawan masana'antu kilo 750 suke tsayawa. Mutum zai zo shagonka yana cewa motarsa tana jan tan uku da rabi, ya je ya ɗaura tirelar da ba ta da birki ya loda mata tan biyu, a gangara tirelar ce za ta riƙa tuƙa shi.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata ka riƙa yi a gaban kowane kwastoma. Ka ɗauka mota ce da aka yarje mata ɗaukar kilo 900, mutane da kaya duka. Bambar ƙarfe mai hannun ɗaukar safaya tana iya kai kilo 80. Jarka biyu na lita 20 cike da ruwa, kusan 45. Tirela mai kilo 3,000, in an loda ta daidai, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta ne ke danna ƙwallon, kilo 300 ke nan, kuma wannan nauyin a kan motar ake lissafa shi. Direba da mutum uku, wani 300. An ci 725, saura 175 kafin a sa buhu ko ɗaya a baya. Sannan ƙwallon yana bayan tayoyin baya ne, don haka yana aiki kamar maɓamɓari. In tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 3 ne, ƙwallon kuma yana mita 1.2 bayan ƙafar baya, to kilo 300 ɗin nan ya zama 420 a kan ƙafar baya, ya kuma ɗage 120 daga ƙafar gaba. Abin da ya sa ke nan za ka ga gindin mota ya zauna, fitilun gaba suna haska sama, sitiyari ya yi sakwaf a hannu. Duk bambar da ta ƙara tura ƙugiya baya ko da taƙi ɗaya ne, ta ƙara wannan matsalar. Ɗan wanka ya auna wannan tazarar da ya kwaikwaya? Ka tambaye shi.

Yanzu ga yadda ake ɗaurawa, domin a nan kuɗinka na halal yake. Ba a yi wa shasi walda. Ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Bamba ta kirki tana hawa ne a kan ramukan da masana'anta ta riga ta huda. A cire tsohuwar bamba, a kankare tsatsa da kwalta daga inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, domin in an ɗaure a kan datti, dattin zai murƙushe bayan ɗan lokaci noti ya saki. Notocin da ke maƙale cikin shasi a wanke zarensu kafin a zura komai. Inda shasin yake kamar akwati, dole a sa ɗan bututun ƙarfe a ciki, notin ya ratsa ta cikinsa. In babu shi, kana ɗaurewa bangon shasin yana lotsawa, kana ganin ya ɗauru alhali bai riƙe komai ba. Wannan ɗan bututun shi ne abin da masu kwaikwaya suka fi mantawa, saboda ba a ganinsa daga waje.

Noti kuma ba kowanne ba. A duba kansa, sai an ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9, a buge. Wanda ba shi da lamba na ƙofar gida ne. A fara ɗaura duka da hannu, a daidaita bambar ta yadda tazararta da jikin mota ta zama ɗaya hagu da dama, a bar ɗan fili domin bodi yana motsi daban da shasi, a tabbata ba ta taɓa salansa ba kuma safaya tana sauka, sannan a ɗaure da sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Noti mai kauri milimita 12 na 8.8 yakan so wajen Nm 80 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sufanar), na 10.9 wajen 115, amma takardar da ta zo da bambar ita ake bi. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 motar ta dawo a sake gwada kowane noti. In shagonka ba shi da irin wannan sufanar, ita ce abu na farko da za ka saya, kuma ba ta buƙatar bashi.

Motar da ta dawo da fitila a dashbod, kusan na tabbata an fere wayar fitilun baya ne aka jona soket ɗin tirela kai tsaye. Tsofaffin motoci suna haƙuri da haka. Sababbi kwamfutarsu tana auna wutar da kowace fitila take ja, in ta ga ƙari sai ta ɗauka matsala ce, wani lokaci ma ta yanke layin. Akwai ɗan akwatin wayarin da ake yi wa kowane samfuri, yana ɗaukar wuta daga batir ta fiyus ɗinsa, sigina kawai yake karɓa daga motar. Shi ake sawa, ko soket mai baki 7 ne ko mai 13. Na'urorin gane abu a baya da kyamara da fitilar lamba su ma sai an mayar da su a daidai tsayi da kusurwa, in ba haka ba za su yi ta kuka suna ganin bambar kanta. Wannan ba laifin direba ba ne, kuma ka daina bari a faɗa maka haka.

Abu ɗaya da nake so ka faɗa wa kowane mai saye da bakinka: ƙwallon nan mai milimita 50 na jan tirela ne, ba na ciro motar da ta kafe ba. In aka rataya masa igiyar fizga, wuyansa yana iya guntulewa ya taho da gudu ya fasa gilashi, kuma an rasa rayuka ta haka. Akwai harshe na daban da ake zurawa don wannan aikin, da zoben ƙarfe mai lambar nauyi a jiki. Ka ajiye su a shago ka sayar, ciniki ne mai tsabta. Sarƙar tsaro kuma a gicciye ta ƙarƙashin wuyan tirela, don in ta ɓalle ta faɗa kan sarƙa kada ta soki ƙasa.

Akwai mai shagon da ya yi irin tafiyarka, shi ma da ɗan uwansa. Ranar da tirela ta kuɓuce ta bugi motar wani, mai inshora ya nemi farantin ƙugiya bai gani ba, ya janye hannunsa. Mai motar ya zo shago. Mai shagon bai iya nuna ranar da aka ɗaura ba, ko irin notin da aka sa, ko nauyin da aka gaya wa mai motar kada ya wuce. Ɗan uwan ya ce shi an ba shi aiki ne kawai, kuma gaskiyarsa, sunansa ba ya kan rasit. Mai shagon ya biya gyaran motoci biyu, jarin ya tafi, gidajen biyu kuma sun daɗe ba sa gaisawa. Kai ma yau in na ce ka ba ni lambar shasin motocin nan tara, ba na jin kana da su.

Batun ƙera 30 kuwa, ko da ƙarfen ya inganta kuskure ne. Bamba ba taya ba ce da za ta shiga motoci da yawa. Kowane samfuri da tasa, har samfuri ɗaya ma ramukan shasinsa kan sauya in an sabunta ƙirar. Ka tara 30 da kuɗin bashi, za ka sayar da wasu, sauran su yi tsatsa kana biyan kuɗin ruwa a kansu. Hanyar da nake ganin za ta fisshe ka ita ce ka sayo bamba mai faranti sai an yi oda, ka karɓi kafin alƙalami na aƙalla rabin kuɗin, ka ajiye ɗaya ko biyu kacal na motar da ta fi yawan shigowa. Ribar kan ƙarfen ba za ta kai 65 ba, wataƙila 15 ko 20, kuma na san wannan ba zai yi maka daɗi ba. Amma ka sa kuɗin aiki daban, domin ɗauri mai kyau da wayarin yana cin rabin yini ko fiye, sannan ga harshe, ƙwallo, soket, sarƙa, da sifirin mai ƙarfi ga wanda gindin motarsa ke zama. Wannan kuɗin in ya shigo naka ne, babu mai dawowa ya karɓe shi.

Ɗan wanka kada ka kore shi. Ka mayar da shi mai ɗaurawa, ka biya shi a kan kowace mota, da rubutacciyar yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. In yana son walda, ya ƙera marikin jarka, matakala, ko kariyar fitila, abubuwan da in sun karye ba za su kashe kowa ba. Kowace mota ta samu katinta: lambar shasi, lambar farantin bamba, irin noti da awon ɗaurinsa, kwanan wata, sunan wanda ya ɗaura, iyakar nauyin da aka faɗa wa mai mota, da sa hannunsa. Ka ɗauki hoton kowane gefe kafin ta fita.

Kafin duk wannan, akwai motoci bakwai da ke yawo da ƙugiyarku. Ka nemo masu su a wannan makon, ka ce kada su ja komai sai sun zo. A kankare fentin gindin ƙugiya a duba tsaga, a duba ko an yi wa shasi walda ko an huda shi. Ka ba su zaɓi: ko a yanke bakin ƙugiyar bambar ta zama ta kariya kawai ka mayar musu da wani ɓangare na kuɗinsu, ko su cika a sa musu ta kamfani ka yafe kuɗin aiki. Ka ware kuɗin wannan daga ribar motoci taran tun yanzu, kafin ka taɓa ta da wata buƙata.