Inda ƙ ta maƙale a Zangon Kumasi

Ɗan'uwa, ka tambaye ni me ya sa Hausarmu ta Gana ba ta da ƙashi, wai mun zubar da ƙ da ɗ da ɓ da ts a hanya. Ka faɗi gaskiya, amma da saura.

A unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife ni. Kakanninmu fataken goro ne da suka zauna Salaga a arewacin Gana, yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, wasu suka gangaro Kumasi. A Zango kuwa ba Bahaushe kaɗai ke Hausa ba. Ga Mosi, ga Dagomba, ga Zabarmawa, da ita suke ciniki, da ita suke neman aure, alhali harsunansu ba su da waɗannan haruffa masu tsauri. Sai baƙi ya koma baki, tsoho ya koma soho. Ba ma rikicewa, zancen da kansa yake bambantawa.

Sai dai haruffan ba su mutu ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, Bakatsiniya ce da aure ya kawo ta. Da maƙwabta takan sassauta harshe irin nasu. Ran da na yanke makarantar allo na tafi ƙwallo, ta tare ni a zaure: "Tsaya nan, ɗan ƙaniya!" Ƙ ɗin nan ta fito ƙas, kamar an ɓara goro. Ko bulala ba ta ɗauka ba, na fashe da kuka. Mu haka muka taso muna jin su, a bakin tsofaffi, lokacin da magana ta wuce wasa. Shi ya sa bara da na kai ɗana Kasuwar Kurmi a Kano ya riƙe rigata gam, yana tambaya me ya haɗa mutanen nan faɗa. Gaisawa fa suke yi.

Asantawa ma suna da tasu kalmar mai kaushi, "tweaa", ta nuna raini. Kaifinta ya kai a 2014 kakakin majalisar dokokin Gana ya hana furta ta a zauren majalisa. Samarinmu sun ɗauke ta, suna haɗa ta da tsaki a tsakaninsu, amma ban taɓa jin wanda ya yi ta a gaban babansa ba.

In ka zo Sallah, ka gaida yarana da Hausarka yadda take, kada ka rage komai. Ina so kunnensu ya saba jin ƙ a cikin gaisuwa.